Shin Ko Kun San? Ɗan Idon Da Ke Karanta Faifan CD Da DVD

Shin ko kun san cewa a duk kayan ɗakin da aka riƙa jera wa amare a Tsiga da Bakori da Kabomo a shekarun da DVD ke tashe, babu wanda aka ƙera da daidaito kamar ɗan idon nan da ke cikin na'urar DVD, wanda faɗinsa bai wuce milimita 5 ko 6 ba? Gado da kabad da kujeru, kafinta ya auna su da tef, in an sami bambancin rabin inci ma ba mai lura. Shi kuwa wannan ido, wanda masu gyara ke kira lens, da nanomita ake lissafin kuskurensa. A ɗauki milimita 1 a raba ta gida 1,000, kowane gida sunansa maikiron. A sake raba maikiron gida 1,000, kowane gida shi ne nanomita. Kuma a mafi yawan na'urorin da suka shigo ƙasar nan, idon ba na gilashi ba ne, na roba ne.

Shin ko kun san cewa layin rubutu ɗaya tal ne a kan faifai? Daga tsakiya yake farawa, ya yi ta nannaɗuwa har ya kai baki. Da za a warware na CD a miƙe shi, zai haura kilomita 5. Na DVD ya kusa kilomita 12, na Blu-ray kuwa wajen kilomita 27, alhali duka ukun faɗinsu ɗaya, santimita 12, kaurinsu ɗaya, milimita 1.2. Tazarar da ke tsakanin zagaye da zagaye a CD maikiron 1.6 ce, a DVD 0.74, a Blu-ray 0.32. Ku ɗauki silin auduga guda, irin wanda ke yawo a iska a bakin injin gurza a Funtua ko Malumfashi. Kaurinsa tsakanin maikiron 12 ne zuwa 20. Idan mai maikiron 16 ya kwanta a kan rubutun, zai rufe layi 10 na CD, ko layi 21 na DVD, ko layi 50 na Blu-ray. To, idon na'ura dole ya bi ɗaya daga cikin layukan nan, kada ya leƙa na maƙwabcinsa, faifan kuma yana juyawa.

Ko kun san ba a rubuta hoto ko murya a kan faifai? 'Yan ramuka ne jere, wani gajere wani dogo, da fili a tsakaninsu. Mafi gajarta a CD ya ɗan wuce maikiron 0.8, a DVD 0.4, a Blu-ray 0.15. Hasken leza yana sauka ya dawo. In ya faɗa rami ya dawo da rauni, in ya faɗa fili ya dawo da ƙarfi. Daga wannan ƙarfi da rauni kaɗai ake fitar da karatun Alƙur'ani, da rawar Indiya, da muryar Shata.

Kamfanin Philips na Holan da Sony na Japan ne suka fito da CD a 1982. VCD ya biyo a 1993, minti 74 kawai yake ɗauka, shi ya sa fim ɗin Indiya mai awa 3 kan zo a faifai 3, ana tsakiyar faɗa a ce a tashi a canja. DVD ya shiga kasuwar Japan a 1996, Blu-ray ya bazu a 2006. Cikin CD megabait 700 ne, na DVD gigabait 4.7, na Blu-ray gigabait 25 a shimfiɗa ɗaya.

Shin ko kun san abu biyu ne suka fi kawo wannan bambanci? Launin haske da buɗewar ido. CD yana aiki da haske mai zangon nanomita 780, wanda da ƙyar idon mutum ke ganin alamarsa. DVD yana aiki da ja, nanomita 650. Blu-ray da shuɗi mai karkata zuwa shunayya, nanomita 405. Tun a 1873 wani Bajamushe, Ernst Abbe, da ke aiki da kamfanin Carl Zeiss a garin Jena, ya nuna cewa haske ba ya taruwa a ɗigon da ya fi wata iyaka ƙanƙanta, komai gwanintar mai ƙira. Iyakar ta rataya ne a kan gajartar zangon haske da kuma faɗin kusurwar da ido ke tattaro shi. Ana ba wannan kusurwa lamba. Ta CD 0.45 ce, ta DVD 0.60, ta Blu-ray 0.85. Muddin iska ce a tsakanin ido da faifai, lambar ba za ta taɓa wuce 1 ba. Ke nan Blu-ray ya kusa kai bango, kuma wannan na daga cikin dalilan da ba a sake yin wani faifai na huɗu da ya mamaye kasuwa ba.

A nan ne wahalar take, domin duk ƙarin buɗewar ido da abin da yake ci. Idon CD yana ganin rubutu tar ko da ya yi sama ko ƙasa da wajen maikiron 2. Na DVD bai da sararin maikiron 1 cikakke. Na Blu-ray kuwa in ya goce da abin da ya wuce sulusin maikiron, rubutu ya dushe. Haka kuma in faifai ya ɗan karkata, ko robar da haske ke ratsawa ta fi yadda aka tsara kauri, ɗigon hasken sai ya baje ya yi wutsiya. Kuskuren kauri iri ɗaya, illarsa a Blu-ray ta ninka ta CD fiye da sau 20. Abin da injiniyoyi suka yi shi ne suka riƙa jawo rubutun kusa da fuska. A CD haske yana ratsa roba mai kaurin milimita 1.2 kafin ya isa rubutu. DVD faifai biyu ne masu milimita 0.6 aka manne, rubutun yana tsakiya. A Blu-ray murfin da ke kan rubutu milimita 0.1 ne kawai, kuma ba a yarda kaurinsa ya bambanta da fiye da 'yan maikiron kaɗan daga wannan gefe zuwa wancan.

Shin ko kun san akwai ƙa'idar da ta faɗi iyakar kuskuren da za a lamunta? Wani Bafaranshe, André Maréchal, ya kafa ta a 1947: matsakaicin karkacewar haske kada ya wuce kashi 1 cikin 14 na zangonsa. A Blu-ray wannan ya kama nanomita 29. Kuma wannan ɗan rabon ba na ido ba ne shi kaɗai. Faifai zai ci nasa, karkata za ta ci nata, zafin rana zai ci nasa. Abin da ya rage wa mai ƙera ido bai taka kara ya karya ba.

Ko kun san idon da aka yi wa doro mai zagaye sosai, kamar an yanko shi daga ƙwallo, ba ya tara haske wuri ɗaya? Hasken da ya bi ta gefe yana taruwa kusa, wanda ya bi ta tsakiya yana taruwa nesa. Sai an ba doron wata siffa ta musamman, mai lanƙwasa da yawa a tsakiya, mai sassautawa a gefe. Wanda aka fara sanin ya lissafa irin wannan siffa malami ne a Bagadaza, Ibn Sahl, a wajen shekarar 984, cikin littafinsa kan madubai da gilasan da ke kunna wuta. A nan ne kuma ya zana dokar karyewar haske, fiye da shekara 600 kafin Snell na Holan da Turawa ke jingina wa dokar. Bayansa Ibn al-Haisam ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira. Lissafin ya daɗe a takarda; hannun da zai sassaƙa siffar da arha ne bai samu ba sai a ƙarni na 20. Ko manya ma ta kayar da su. Madubin hangen taurari na Hubble da Amurka ta harba a 1990, mai faɗin mita 2.4, an goge gefensa fiye da kima da maikiron 2.2 kawai, hotunansa suka fito dishi-dishi, sai a Disambar 1993 'yan sama-jannati suka hau suka gyara.

Shin ko kun san na'urorin CD na farko ba su da ido ɗaya? Gilasai ne da yawa aka jera cikin ɗan bututu, kowanne an goge shi an daidaita, ga tsada ga nauyi. A 1984 kamfanin Konica na Japan ya fitar da ido ɗaya na roba mai wannan siffa ta musamman. A ganina wannan ita ce shekarar da ta buɗe wa faifai hanyar zuwa ƙauyukanmu, duk da ba wanda ya ji labarinta a lokacin.

Ga yadda ake yi. Ba idon ake sassaƙawa ba, mazubinsa ake sassaƙawa. Ana shafa wa ƙarfe wata fatar nikel, a ɗora shi a kan injin da ba ya girgiza, a cikin ɗakin da zafinsa ba ya hawa ba ya sauka, a yanka shi da tsinin lu'ulu'u har ya fito sumul yana ɗaukar ido, ba tare da an sake goge shi ba. Sai a narka roba a ɗura. To amma roba in ta huce tana tsukewa, kuma tsakiya mai kauri ba ya tsukewa daidai da gefe. Don haka sai a zuba na gwaji, a auna shi da na'urar da ke gwama haske da haske, a ga inda ya kauce, a koma a sake yanka mazubin da gangan a karkace, yadda in robar ta tsuke za ta faɗa daidai inda ake so. Fuskar gaba da ta baya kuma dole su dace da juna. In rabin mazubin ya goce wa ɗan'uwansa da 'yan maikiron, an yi asarar zubin gaba ɗaya. Robar ma ba kowace ba. Ta yau da kullum tana shan danshi ta kumbura, shi ya sa ake amfani da irin su Zeonex na kamfanin Zeon da APEL na Mitsui, waɗanda ba sa shan ruwa sai kaɗan. Da zarar mazubi ya yi daidai, an gama biyan kuɗin wahala. Daga nan sai dai a yi ta zubawa ana fitarwa dubbai a rana. Wannan ne ya sa masana'antun kudancin China suka iya haɗa na'urar da manomi zai sayar da 'yan buhunan masara da kaka ya ɗauko wa iyalinsa, har da canji.

Idon Blu-ray na farko da Sony ya yi gilashi biyu ne a haɗe, domin guda ɗaya ya gagara a lokacin. Tsakaninsa da faifai kuma bai kai milimita 1 ba.

Kun kuwa san cewa idon ba a kafe yake ba? A rataye yake a kan 'yan siraran wayoyi, an naɗe shi da kwayil, ga maganaɗisu a gefe, yadda cikin lasifika yake. Ba faifan da ke kwance shar. Ƙa'idar CD ta yarda ya yi rangaji sama da ƙasa har kusan rabin milimita yayin da yake juyawa sau 200 zuwa 500 a minti. Ido kuwa sararinsa maikiron 2 ne. Ke nan dole ya riƙa bin faifan sama da ƙasa, dama da hagu, ba hutawa. Hasken da ya dawo yana sauka ne a kan wani ɗan allo mai gida 4. In ido yana daidai, ɗigon ya fito zagaye, gidajen su raba haske daidai wa daida. In ya matso da yawa ɗigon ya miƙe ta wata kusurwa, in ya ja baya ya miƙe ta ɗayar. Da wannan na'ura ke gane inda za ta tura shi. Wannan 'yar ƙarar tik-tik da kuke ji in kun rufe tire, idon ne ke hawa da sauka yana neman fuskar faifai. In ya nema bai samu ba, sai allon ya rubuta muku NO DISC, ga faifai kuwa a ciki.

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai gyara a Funtua ya san abin da ke biyo baya. Mai kaya ya sauke na'urar daga bayan babur, a naɗe cikin zani. "Malam, ta daina ɗaukar faifai." Mai gyara ya kwance noti huɗu ko biyar, ya hura ƙura, ya ce, "To Alhaji, bari mu gani, ko wanki za ta yi ko sai an canja lens." Ya naɗa auduga a tsinke, ya ɗan jiƙa da sifirit, ya shafa a hankali kada wayoyin su lanƙwashe. In ta tashi, Alhamdu lillahi. In ba ta tashi ba sai ya duba lambar da ke jikin kan da ke ɗauke da ido da leza, SF-HD65 ce ko SF-HD850 ta Sanyo, ko KHM-313 ta Sony, ya sa a zo da irinta daga Kano. Sabon kai yana zuwa da ɗan ɗigon dalma da ya haɗe ƙafafun lezar, don kada wutar da ke taruwa a jikin mutum ta ƙone ta a hanya. Yaron shago da bai san da shi ba sai ya ɗaura kai, na'ura ta ƙi tashi, ya rantse an sayar masa da matacce. Maigidansa ya karɓa, ya taɓa wurin da bakin ƙarfen like, dalma ta narke, shi ke nan.

Akwai kuma ɗan mabuɗin da ke gefen kan, wanda ake murɗawa a ƙara wa leza ƙarfi. Na'ura takan farfaɗo nan take, mai kaya ya tafi yana sa albarka. Gaskiyar magana ita ce an rage wa lezar kwana ne, domin tsufa ne ya sa haskenta ya dushe, ƙarin wuta kuma ƙara mata zafi yake yi. Mai gyaran kirki yakan faɗa wa mutum haka kafin ya murɗa. Shi kansa ɗan idon roba ba kasafai yake lalacewa ba. Abin da ke mutuwa leza ce, ko kuma ƙura ta shige ƙarƙashi ta kwanta a kan ɗan madubin da auduga ba ta isa gare shi.

Shin ko kun san ƙurar hunturu da ke rufe mana rana, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa? Mafi laushinta 'yan maikiron ne, tana shiga duk inda iska ta shiga. A yankinmu kuma tana tarar da 'yan'uwanta: ƙaiƙayin sussukar masara da dawa, burbushin auduga, hayaƙin janareta, da turaren wuta na ɗakin amarya, wanda ke barin wani siririn maiƙo a kan ido, ƙura ta zo ta manne. Abin mamaki, CD ya fi duk waɗanda suka biyo bayansa jure wannan hali. Dalili kuwa, a inda haske ke shiga fuskar CD bai riga ya tsuke ba, faɗinsa ya haura milimita 0.7, don haka ƙwayar ƙura kaɗan kawai take tarewa. A DVD faɗin ya koma wajen rabin milimita. A Blu-ray bai fi milimita 0.13 ba, ƙwayar ƙura ɗaya sai ta yi ɓarna. Saboda haka ne fayafayan Blu-ray na farko da aka sayar a Japan a 2003 suka zo a rufe cikin gida na roba, sai da kamfanin TDK ya fito da wani shafi mai tauri da ya kira Durabis sannan aka fito da su tsirara.

Ko kun san yadda yawancinmu ke goge faifai, a kifa shi a kan riga a yi ta murzawa ana zagayawa, shi ne mafi muni? Na'ura tana da lissafin cike gurbi, wanda Irving Reed da Gustave Solomon suka ƙirƙiro a Amurka a 1960. A CD yana iya maido da abin da ya ɓace ko da tsawonsa a kan layi ya kai milimita 2.4. Ƙarzanen da ya taso daga tsakiya zuwa baki yana tsallake kowane layi ne da ɗan kaɗan, lissafi ya cike. Wanda ya bi zagaye kuwa yana cin layi ɗaya mai tsawo, ya fi ƙarfin lissafi, sai hoto ya daskare, jarumi ya tsaya baki buɗe. A goge daga tsakiya zuwa baki, da tsumma mai laushi.

Wata kuma: a CD da VCD, fuskar da aka buga hoton fim ita ce mai rauni. Rubutun yana nan ƙarƙashinta, fenti ne kawai ya rufe shi. Ƙarzane a fuska mai sheƙi ana iya goge shi, amma wanda ya rubuta sunansa da biro a fuskar hoto, yana dannawa, ya huda rubutun har abada.

Shin ko kun san finafinan Hausa ba da faifai suka fara ba? Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano, a 1990, a kaset ya fito, haka Sangaya a ƙarshen shekarun 1990. Bayan shekarar 2000 ne VCD ya ture kaset, DVD ya biyo, Ƙofar Wambai ta zama inda dillalan Funtua da Malumfashi da Gusau da Maraɗi ke saro kaya. Fayafayan iri biyu ne. Akwai wanda aka buga a masana'anta, ramukansa na gaske ne a jikin roba. Akwai kuma wanda aka ƙona a kwamfuta, mai ciki kore-kore ko shuɗi-shuɗi, wanda ba shi da rami ko ɗaya, wani rini ne leza ta toya ta bar tabo. Kamfanin Taiyo Yuden na Japan ne ya fito da irin wannan a 1988. Rinin ba ya shiri da rana. Faifan da ya wuni a baje a kan tebur ranar kasuwa ya fara mutuwa tun kafin a saye shi. Yawancin bidiyon bukukuwa da walimar sauka da tafsirin azumi da ke gidajenmu irin wannan ne.

Na'urorin DVD na farko da yawa ba sa karanta CD ɗin da aka ƙona, domin rininsa ba ya maido da jan haske. Sai da aka sa leza biyu a kai ɗaya, aka kuma zana wa ido wasu siraran zobba da ke sa kowane launi ya taru a nasa zurfin. Wanda ya buɗe na'urar Blu-ray kuwa, sau da yawa ido biyu zai gani a jere.

Fayafayan nan masu fim 10 ko 20 a ciki, ba wani sabon ido aka yi musu ba. Hoton aka matse, shi ya sa fuskar jarumi ke fitowa gida-gida.

Ko kun san shuɗin hasken Blu-ray da farin hasken cocilan da fitilar sola da ke ɗakinku uwarsu ɗaya? Shuji Nakamura ya fitar da shuɗiyar fitila mai haske a 1993 a kamfanin Nichia na Japan, daga baya ya yi lezarta. Shi da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano suka karɓi kyautar Nobel a 2014. Blu-ray ya yi kokawa da HD DVD na Toshiba, har Toshiba ya janye a Fabrairun 2008. Mu dai a nan ba mu san an yi ba, domin kafin Blu-ray ya yi arha, waya da memori sun riga sun iso, masu tura fim sun kafa tebur a kowace tasha. In kun ga faifan Blu-ray a yankinmu, to a gidan gem ne, cikin PlayStation 3 ko 4.

Shin ko kun san har yanzu ana ƙoƙarin tsallake iyakar Abbe? Da hanyar buɗe ido ta ƙare sai aka koma jera shimfiɗa kan shimfiɗa: a 2010 aka fito da Blu-ray mai gigabait 100 da mai 128. Kowace shimfiɗa zurfinta daban, don haka akwai wani gilashi a bayan ido da ɗan inji ke matsarwa gaba da baya duk lokacin da aka sauya shimfiɗa. A 2014 Facebook ya nuna wata ma'ajiya mai faifan Blu-ray 10,000 don adana tsofaffin hotunan da ba a cika buɗewa ba. A Fabrairun 2024 kuma masu bincike a Shanghai suka wallafa a mujallar Nature cewa sun yi rubutu a shimfiɗa 100, da ɗigo mai nanomita 54, abin da zai ba faifai ɗaya damar ɗaukar wajen gigabait 200,000. Suna harba haske biyu ne tare, ɗaya ya rubuta, ɗaya ya hana gefen ɗigon kamawa. Har yanzu dai a ɗakin gwaji yake.

Sana'ar zubin idon roba kuwa ba ta mutu da faifai ba, waya ta koma. Kyamarar Tecno ko itel ko Infinix da ke aljihunku 'yan idanun roba ne aka jera a bayan juna, a manyan wayoyi har 6 ko 7, kuma kamfanoni irin su Largan na Taiwan da Sunny Optical na China ne ke zuba su. A 2013 ma masu bincike a jami'ar KTH ta Suwidin sun juya na'urar DVD ta koma mai ƙidaya ƙwayoyin jini.

Gargaɗi ga iyaye: yaran da ke farfasa tsofaffin na'urori suna ciro leza suna haɗa ta da batir, a hana su. Ta injin ƙona DVD tana iya lalata ganin mutum cikin ƙiftawa, ta CD kuma ta fi haɗarin yaudara tunda ba a ganin haskenta sosai, yaro sai ya ƙura ido yana neman ko ta kama.

Shin ko kun san masu ƙera waɗannan kaya suna nannaɗe tabarmarsu? Samsung ya daina fitar da sababbin na'urorin Blu-ray a 2019, LG ya bi sahu a ƙarshen 2024, Sony kuma ya daina yin faifan Blu-ray na ɗauka a Fabrairun 2025. Sababbin kwamfutocin hannu ma ba sa zuwa da wurin sa faifai. Masu gyara da yawa sun koma gyaran waya da sola. Ga ɗaruruwan finafinan Hausa na shekarun 2000, da wa'azin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, da waƙoƙin makaɗan gargajiya, waɗanda ba su da wani kwafi sai a faifan da rininsa ke dushewa. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, da Arewa House a Kaduna, da hukumar tarihi da al'adu ta Jihar Katsina, da sassan Hausa na jami'o'inmu, wannan aikinsu ne, kuma ba aikin da za a jinkirta ba ne.

Ku kuma masu karatu, wanda ke da faifan bikinsa ko na saukar ɗansa ko muryar mahaifinsa a ƙasan akwati, kada ya jira hukuma. Ya kai shi wurin masu kwamfuta a Funtua ko Malumfashi ko Bakori tun akwai na'urar da idonta ke gani, a juye masa a memori, ya kuma sa a yi kwafi biyu, ɗaya ya ajiye a gidan ɗan'uwansa.